ZARE: Tarihin dattijon Amurka da ke kama kifi ya mayar da shi ruwa

1/
Duk mai kallon finafinan Amurka ya san wannan hoton: dattijo da hular hana-sallah, zaune cikin ɗan ƙaramin jirgi a tsakiyar tafki, ya jefa fatsa. Ya kamo kifi ƙato, a ɗauke shi hoto, sai ya mayar da shi ruwa ya koma gida hannu rabbana. Daga ina wannan al'ada ta fito? Zaren dogo ne, a gyara zama 🧵

2/
A taƙaice: a 1930 kusan babu irin wannan dattijon. Abubuwa uku ne suka haɗu suka samar da shi cikin shekara 40 zuwa 50. Fansho ya ba shi lokaci, madatsun ruwa suka ba shi tafki, masana'antu suka ba shi jirgi mai araha. Akwai kuma waɗanda aka tasa daga gonakinsu kafin ya samu wannan hutun. Mu bi su ɗaya bayan ɗaya.

3/
Mu fara da kifin. Sunansa bas (ba ta haya ba 😂). Manyan nau'o'insa biyu ne, mai babban baki da mai ƙaramin baki, kuma asalinsu koguna da tafkunan gabashin Arewacin Amurka. Mafarauci ne, yana cin ƙananan kifaye da kwaɗi da ƙwari. Yawancin waɗanda ake kamawa rabin kilo ne zuwa kilo 2. Mai kilo 4 kam sai a kira abokai a waya.

4/
Me ya sa shi ba wani kifin ba? Faɗa. Idan ya ji ƙugiya sai ya yi tsalle sama da ruwa yana girgiza kai. Ga shi da saurin harzuƙa, har guntun itace ko roba yakan kai wa cafka in ya ga yana motsi. Mai babban bakin kuma yana son ruwa mai ɗumi marar zurfi, kusa da kututture da ciyawa. Ku riƙe wannan, zai yi amfani a gaba.

5/
A ƙarni na 19 masu kuɗin Amurka raina shi suke. Su Turawan Ingila suke kwaikwayo, suna bin kifayen tirawut da salmon a ƙoramu masu sanyi. Bas abincin talaka ne. A 1881 wani likita, James Henshall, ya fitar da littafin Book of the Black Bass, inda ya yi hasashen cewa sare dazuka da gurɓata koguna za su rage wancan kifin, bas ne zai gaje shi. Haka kuwa aka yi.

6/
Jirgin ƙasa ne ya yaɗa shi. A 1854 an ɗauko 'yan kifaye cikin bokiti a tankin ruwan wani jirgin ƙasa aka kai su yankin kogin Potomac. A 1871 gwamnati ta kafa hukumar kifi ta tarayya, wadda daga baya ta yi taragu na musamman don jigilar 'ya'yan kifi. Kafin ƙarnin ya ƙare, bas ya isa Kalifoniya, can ƙuryar yamma.

7/
To kifi ya samu. Amma waye ke da lokacin zama ya jira shi? A 1880, kusan uku cikin huɗu na mazan Amurka da suka kai shekara 65 suna kan aiki. Ko a 1930 fiye da rabinsu ne. Mutum yana aiki har ƙarfi ya ƙare, daga nan ya koma hannun 'ya'yansa, in babu su sai gidan gajiyayyu na ƙaramar hukuma. Ritaya a wancan zamanin ta masu hali ce.

8/
Ga labarin da zai nuna muku zamanin. Ranar 2 ga Yuni 1932, tsakiyar mummunan karayar tattalin arzikin Amurka, ruwan sama ya jiƙe gona ta ƙi nomuwa. Wani matashin manomi a jihar Jojiya, George Perry, ya shiga jirgin katako haɗin gida shi da abokinsa a tafkin Montgomery. Ya kamo bas mai nauyin kilo 10 da 'yan kai.

9/
An auna kifin a garin Helena, aka shigar da shi gasar mujallar Field & Stream, ya ci kyautar kaya na dala 75. Kifin kuma fa? Gida aka kai shi, aka soya, iyali suka cinye. Yau shekara sama da 90 ke nan, wannan kifin da aka cinye saboda yunwa shi ne ke riƙe da kambun duniya. Mutum ɗaya ne kawai ya kamo shi, za mu zo kansa.

10/
Ku riƙe shekarun nan biyu: 1932 da 1972. A ta farko, wanda ya kama kifi mafi girma a tarihi tukunya ya nufa da shi. A ta biyu, babbar ƙungiyar masu kamun bas ta fara roƙon mambobinta su daina kashe abin da suka kama. Abin da ya faru tsakanin waɗannan shekaru 40 shi ne sauran zaren.

11/
Abu na farko: LOKACI.
Bayan durƙushewar kasuwar hannun jari a 1929, bankuna dubbai suka rufe, ajiyar tsofaffi ta bi ruwa. Wani likita, Francis Townsend, ya fito da kiran a riƙa ba duk wanda ya kai 60 dala 200 a wata. Miliyoyin tsofaffi suka mara masa baya. 'Yan siyasa suka ga ƙuri'u na neman kuɓuce musu, dole aka motsa.

12/
Ranar 14 ga Agusta 1935 Shugaba Franklin Roosevelt ya sa hannu kan dokar Social Security. Tsarin: ana cirar wani kaso daga albashinka, mai aikinka ya ƙara nasa, in ka kai 65 a fara biyanka duk wata. Wadda ta fara karɓar cakin wata-wata ita ce Ida May Fuller, a Janairun 1940, dala 22.54. Abin da ta zuba duka dala 24.75 ne. Ta rayu shekara 100, ta karɓi sama da dala 22,000 😅

13/
Bayan Yaƙin Duniya na Biyu ƙungiyoyin ƙwadago suka matsa wa kamfanoni. Yarjejeniyar 1950 tsakanin ƙungiyar ma'aikatan ƙera motoci da General Motors ta ƙunshi fansho, wasu kamfanoni suka bi sahu. A 1965 aka kawo Medicare, inshorar lafiya ta masu 65 zuwa sama. A 1959 kashi 35 cikin 100 na tsofaffin Amurka matalauta ne. Zuwa shekarun 1990 adadin ya sauko kusan kashi 10.

14/
Ma'ana, a karon farko makaniki ko direban babbar mota ko malamin firamare zai ajiye aiki da sauran ƙarfinsa, kuɗi na shigowa duk wata, asibiti kuma ba zai cinye masa gida ba. Yana da shekara 10, 15, har 20 a gaba. Sai tambaya ta taso wadda kakansa bai taɓa yi wa kansa ba: to yanzu me zan riƙa yi idan gari ya waye?

15/
Abu na biyu: RUWA.
Abin da mutane da yawa ba su sani ba, kudancin Amurka ba shi da tafkuna na asali sosai, in ka cire Fulorida da Luwiziyana. Koguna ne masu ambaliya. Manyan tafkunan da ake kamun bas a yau a Tenesi, Alabama, Akansas, Mizuri da Teksas kusan duk hannun ɗan Adam ne ya yi su, kuma yawancinsu ba su kai shekara 100 ba.

16/
A 1933 Roosevelt ya kafa hukumar TVA don kwarin kogin Tenesi, yankin da talauci ya yi wa katutu. Aikinta wutar lantarki, hana ambaliya da buɗe hanyar jiragen ruwa. Madatsar Norris 1936, Guntersville 1939, Kentucky 1944. Injiniyoyin sojan ƙasa ma suka yi nasu: Bull Shoals a farkon shekarun 1950, Table Rock 1958, Sam Rayburn 1965. Ba don kifi aka gina ko ɗaya ba.

17/
Amma ku tuna abin da na ce bas ke so: ruwa mai ɗumi, kututture, ciyawa. Idan ka tare kogi ruwa ya shanye daji da gonaki, ka gina masa aljannar duniya ke nan. Takin ƙasar da ganyen da ke ruɓewa suna ciyar da ƙananan halittu, ƙananan kifaye su yawaita, bas ya samu abinci da maɓoya. Shekarun farko na sabon tafki, kifi kamar a kwasa da kwando.

18/
Ƙari a kan haka, a jami'ar Auburn ta Alabama wani masani, Homer Swingle, ya shafe shekaru tun daga 1930 da 'yan kai yana gwajin yadda manomi zai zuba bas tare da wani ƙaramin kifi a kududdufin gonarsa, ɗaya na cin ɗaya, a samu daidaito. Gwamnati ta taimaka wa manoma haƙa kududdufai, ta raba 'ya'yan kifi. Ruwan bas ya iso bayan gida.

19/
Yanzu ga ɓangaren da tallan jirage ba ya nunawa. A ƙarƙashin tafkunan nan akwai garuruwa. Madatsar Norris kaɗai ta tashi iyalai kusan 3,000, aka tone kaburbura sama da 5,000 aka sake musu wuri. Masu takardar fili an biya su. 'Yan haya da masu noman rabon amfani, waɗanda su ne mafi talauci, yawanci haka suka tattara komatsai ba ko sisi.

20/
Misali mafi ɗaci shi ne madatsar Tellico a Tenesi. Manoma sun ƙi, ƙabilar Cherokee ta ƙi saboda tsoffin garuruwansu irin su Chota da Tanasi (inda sunan jihar ya samo asali) suna wurin. Masu kare muhalli suka kai ƙara saboda wani ɗan mitsitsin kifi da ke gab da ƙarewa, Kotun Ƙoli ta ba su gaskiya a 1978. Majalisa ta zagaye hukuncin da sabuwar doka, aka rufe madatsar a 1979.

21/
Kun san abin da aka gina a gaɓar sabon tafkin a shekarun 1980? Tellico Village, unguwar da yawancin mazaunanta 'yan ritaya ne, da filayen wasan golf da wurin ɗaure jirage. Filin da aka karɓe daga manoma da sunan ci gaban al'umma, an sayar da wani sashe ga kamfanin gidaje. Dattijon da ke jefa fatsa a can, a saman gonar wani da kabarin kakan wani yake shawagi.

22/
Abu na uku: JIRGI DA KAYAN AIKI.
Tuƙa jirgi da filafili aikin mai ƙarfi ne, ɗan shekara 70 ba zai jure ba. A 1909 Ole Evinrude, haifaffen Norway da ke zaune a Milwaukee, ya fara sayar da ƙaramin injin da ake maƙalawa a bayan jirgi. Labarin da kamfanin ke bayarwa wai askirim ya je sayo wa budurwarsa a ƙetaren tafki, kafin ya dawo ya narke. Soyayya dai 😂

23/
Injin fetur yana da ƙara, yana korar kifi. A 1934 O.G. Schmidt a garin Fargo ya ƙera ƙaramin inji mai aiki da batir, wanda ya zama kamfanin Minn Kota. Da shi jirgi ke lallaɓawa shiru tsakanin kututture. Daga baya aka yi masa feda, kana juya jirgi da ƙafa, hannayenka biyu na kan sandar fatsa. Kana zaune a kujera duk wannan.

24/
Da yaƙi ya ƙare a 1945, masana'antun da suka saba ƙera jiragen sama suka tsinci kansu da tulin alminiyam da ma'aikatan da suka iya sarrafa shi. Kamfanin Grumman ya koma ƙera kwalekwale. Alumacraft ya buɗe a 1946, Lund a 1948. Jirgin alminiyam ba ya ruɓewa, ba ya son fenti duk shekara, mutum biyu za su ɗaga ƙarami su ɗora a bayan a-kori-kura.

25/
A 1948 Holmes Thurmond a Luwiziyana ya ƙera Skeeter, wanda ake ɗauka jirgin farko da aka yi musamman don bas. A 1949 Nick Creme a Ohio ya narka roba a kicin ɗin gidansa ya yi tanar roba, an huta da tonon tana. A shekarar dai kamfanin Zebco, da asali bama-baman rijiyar mai yake ƙerawa, ya fitar da na'urar naɗe zare da ba ta cukurkuɗewa. Yaro da kakansa duk za su iya.

26/
Sai na'urar hango ƙarƙashin ruwa. Fasahar da sojan ruwa suka yi amfani da ita wajen farautar jiragen ƙarƙashin teku, Carl Lowrance da 'ya'yansa suka ƙanƙanta ta, a 1959 suka fitar da ɗan koren akwati mai nuna zurfi da inda kifi yake. Kun lura? Kowace ƙirƙira tana rage buƙatar ƙarfin jiki, tana ƙara buƙatar haƙuri da lokaci. Su kuwa ɗan ritaya yake da su.

27/
Gwamnati ma ta saka hannu ta wata dabara. Dokar Dingell-Johnson ta 1950 ta ware harajin kashi 10 cikin 100 da ake ɗorawa kan kayan kamun kifi, ana raba wa jihohi don kula da kifi kawai. A 1984 aka haɗa da harajin man jirage. Da shi ake ƙyanƙyasar kifi da gina gangaren siminti na sauke jirgi. Jihohi da yawa kuma suna rage wa tsofaffi kuɗin lasisi ko su yafe.

28/
Lokaci, ruwa, jirgi sun haɗu. Saura mai tallata abin. Shi ne Ray Scott, dillalin inshora daga Montgomery ta Alabama. A 1967 ruwan sama ya hana shi fita kamun kifi, yana kwance a otal yana kallon ƙwallon kwando a talabijin, sai ya ce me zai hana a yi gasar bas irin wannan, da kuɗi da dokoki da taurari?

29/
A Yunin 1967 ya shirya gasar farko a tafkin Beaver na Akansas. Mutum 106, kowa ya biya dala 100. A 1968 ya kafa ƙungiyar B.A.S.S. da mujallar Bassmaster. Babbar matsalar gasannin da suka gabata maguɗi ne, sai ya riƙa haɗa baƙi biyu a jirgi ɗaya kowa na sa ido kan ɗan'uwansa. A 1971 aka yi gasar zakaru ta farko a tafkin Mead, Bobby Murray ya tafi da dala 10,000.

30/
Amma akwai matsala. Duk gasa sai a jibge matattun kifaye a gaban jama'a. Mutanen garuruwan suka fara jin haushi: baƙi sun zo da manyan jirage suna kwashe mana kifi. Scott ɗan kasuwa ne, ya gane in kifi ya ƙare ko jihohi suka hana gasa, kasuwarsa ta mutu. Ya ga masu kamun tirawut suna sakin nasu, sai ya aro dabarar.

31/
A 1972 ya fara kamfen ɗin kar a kashe abin da aka kama. Aka riƙa ba da ƙarin maki ga kifin da ya iso ma'auni da rai. Masu ƙera jirage irin Ranger, wanda Forrest Wood ya kafa a 1968, suka saka ɗan tanki mai famfon iska a cikin jirgi. Abin da aka gani a wajen taurari sai ya zama ɗabi'a. Yau a wurare da yawa in ka yanka babban bas sai a bi ka da harara.

32/
A nan ne ma'anar abin ta juya. Perry ya shiga ruwa ne neman abincin dare. Ɗan ritayan 1975 kuwa firjinsa cike yake, abin da yake nema daban: dalilin tashi da asuba, abin tattaunawa da abokai, da ɗan abin da zai ƙware a kai bayan an karɓi makullin ofis. Wanda ya ƙoshi ne ke iya sakin kifi. Fansho ne ya sa sakin ya yiwu.

33/
Wanda ya ƙarasa aikin shi ne Johnny Morris. A 1972 ya fara sayar da kayan fatsa a wani lungu na shagon giyar mahaifinsa a Springfield ta Mizuri, wato asalin Bass Pro Shops. A 1978 ya fitar da Bass Tracker: jirgin alminiyam, inji, da amalanken jansa da mota, duka a haɗe kan dala 2,995. Ma'aikaci mai matsakaicin albashi zai iya saya da 'yar ajiyarsa ranar da ya ajiye aiki.

34/
Sai ƙaura ta biyo baya. Tsofaffi daga biranen arewa masu sanyi irin su Chicago suka riƙa sayar da gidajensu suna komawa gaɓar tafkunan kudu, inda fili ke da araha. Garin Mountain Home a Akansas, tsakanin tafkunan Norfork da Bull Shoals, da 'yan ritaya ya bunƙasa. Wasu kuma ci-rani suke: hunturu a tafkin Okeechobee na Fulorida, bazara su koma gida.

35/
Kar a ɗauka wasa ne kawai. Fiye da ɗaya cikin huɗu na Amurkawa masu 65 zuwa sama su kaɗai suke zaune, 'ya'ya na wata jiha. A 2023 babban likitan gwamnatin ƙasar, Vivek Murthy, ya fitar da gargaɗi kan kaɗaici a matsayin barazana ga lafiya. A ƙasar da babu zaman dandali ko majalisar ƙofar gida, kulob ɗin bas na unguwa da shagon sayar da tana su ne majalisar dattawan.

36/
Amma wa aka bari a baya? Dokar fansho ta 1935 ta cire ma'aikatan gona da 'yan aikin gida. Kusan biyu cikin uku na baƙaƙen fata masu aiki a lokacin a waɗannan sana'o'in suke. Sai a shekarun 1950 aka shigar da su. Shekarun da ba a zuba maka ba kuwa, a cakin tsufanka suke bayyana.

37/
Tafkunan ma an raba su. A zamanin wariya, wuraren shaƙatawa na gaɓar ruwa na fararen fata ne, aka ware wa baƙaƙe 'yan kaɗan irin Booker T. Washington a Tenesi da Cherokee a Kentoki. Baƙaƙen kudu sun daɗe suna kamun kifi, amma daga gaɓa, da gora, don miya. Sai 1983 baƙar fata na farko, Alfred Williams, ya kai gasar zakaru. Mace ta farko, Kim Bain-Moore, sai 2009.

38/
Sha'awar ta tsallaka ƙetare, kuma a can ta yi ɓarna. An kai bas Afirka ta Kudu a 1928, tafkin Naivasha na Kenya a 1929. A 1958 aka zuba shi a tafkin Atitlán na Guatemala don jawo 'yan yawon buɗe ido. Ya cinye ƙananan kifaye da ƙaguwa da mutanen wurin ke ci, ya taimaka wajen ƙarar da wani tsuntsun ruwa da babu irinsa a ko'ina. Zuwa ƙarshen shekarun 1980 tsuntsun ya ɓace daga duniya.

39/
Japan ta karɓi nata a 1925, lokacin da ɗan kasuwa Akaboshi Tetsuma ya kawo shi tafkin Ashi. Ya bazu har tafkin Biwa, mafi girma a ƙasar, ya addabi kifayen asali da masunta ke rayuwa a kansu. A 2003 hukumomin yankin suka hana mayar da shi ruwa in an kama. A Amurka sakinsa ne ladabi, a Biwa sakinsa ne saɓa ƙa'ida. Kifi ɗaya fa.

40/
A wannan tafkin na Biwa ne, ranar 2 ga Yuli 2009, Manabu Kurita ya kamo bas mai kilo 10.12. Ya ɗara na Perry da giram kusan 30, amma dokar hukumar da ke ajiye tarihin ta ce sai an zarce da wajen giram 57. Aka ce kunnen doki. Wato kambun kifin da Amurka ke alfahari da shi, rabinsa na hannun ƙasar da ke ƙoƙarin kawar da shi.

41/
To yau fa? Ginshiƙan uku duk suna girgiza. Fanshon kamfani mai tabbataccen biya ya ja baya tun bayan dokar 1978 da ta haifar da tsarin 401(k), inda kai ke tara naka, in kasuwa ta faɗi kai ta shafa. Dokar 1983 ta ɗaga shekarun cikakken fansho daga 65 zuwa 67 a hankali. Masu kula da asusun na gargaɗin ajiyarsa za ta ƙare a shekarun 2030 in majalisa ba ta yi gyara ba.

42/
Sakamakon a fili yake: a 1987 kusan kashi 11 cikin 100 na masu 65 zuwa sama ne ke aiki, a 2023 kusan kashi 19. Wasu don ra'ayi, wasu don dole. Tafkunan su ma sun tsufa, kututturan sun ruɓe, laka ta cike lunguna, zamanin gina manyan madatsu kuma ya wuce. A wurare da dama hukumomi na gargaɗin a rage cin bas saboda sinadarin makuri.

43/
Jirgin ma ya fi ƙarfin talaka. Sabon jirgin gasa da manyan allunansa yana iya kaiwa dala 100,000. A 2018 Garmin ya fitar da LiveScope, na'urar da ke nuna kifi yana iyo kai tsaye kamar bidiyo. Matasa suka fara lallasa dattawan da suka shekara 40 suna haddace tafki. Rigimar da ake yi yanzu ke nan: wannan kamun kifi ne ko wasan gem?

44/
Martanin mutane da yawa shi ne komawa ƙarami. Kwalekwalen roba na mutum ɗaya, musamman mai feda irin wanda Hobie ya fito da shi a 1997, da tsohon jirgin alminiyam na hannu. Ba fetur, ba bashin banki, kuma yana shiga lungun da babban jirgi ba zai shiga ba. An yi zagaye an dawo kusa da irin jirgin Perry, sai dai wannan karon da ciki a ƙoshe.

45/
Abin da tarihin nan ke nunawa: hutun tsufa yanke shawara ne. Doka a 1935, madatsa a 1936, haraji a 1950, jirgi a 1978. Mutane ne suka zauna suka tsara, wasu suka amfana, wasu suka rasa gonaki, kuma abin da doka ta bayar doka na iya rage shi. Dattawan da suka bi Townsend ba su jira tausayin kowa ba, ƙuri'arsu suka haɗa.

46/
Mu da ke ganin iyayenmu a layin tantance 'yan fansho, mun san cewa kafin a yi maganar abin da tsoho zai yi da lokacinsa, sai an fara biyansa haƙƙinsa. Mu ma in Allah ya ja kwana can muka nufa. Tambayata gare ku: in aka ba Baba ko Mama cikakken fansho da lafiya gobe, me kuke jin za su yi da safiyarsu? Ku amsa a ƙasa, a kuma tura wa wasu su karanta.